Wane suna za mu ba lamba irin 33,550,336?

Mai Alli:
Assalamu alaikum, malamai. Ina neman sunan Hausa ga abin da Turawa ke kira "perfect number". Ga misali: 33,550,336. Lambobi 26 ne ke raba ta ba saura. A cire ita kanta, a tara ragowar 25 ɗin, jimillar za ta ba da 33,550,336 cif. Haka 6 take, don 1 da 2 da 3 sun ba da 6, haka ma 28 da 496 da 8,128. Wannan tamu ita ce ta biyar a jerin. Na fara da "cikakkiyar lamba".

Malamar Hisabi:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan sunan zai rikita ɗalibai. Da ma da "cikakkiyar lamba" ake nufin wadda ba ta da ɓallen kashi, kamar 7 ko 40. Sannan ga cika da mara: yaro zai ɗauka duk lambar da 2 ke rabawa ake nufi. Abin da zai ƙara dagula shi, duka lambobi 52 irin wannan tamu da aka gano zuwa yau cika ne, alhali 10 cika ce amma masu raba ta, ban da ita kanta, 1 da 2 da 5 ne, jimilla 8 kacal.

Ɗan Ƙidaya:
Gaskiyar Malama. A duba 'yan uwanta tukuna, sunan zai fito da kansa. Masu raba 12 sun tara 16, sun wuce ta: lamba mai rara. Na 8 sun tsaya a 7: lamba mai giɓi. Kowa ya san rara da giɓi daga maganar kasafin kuɗi. Wadda ba rara ba giɓi, ni dai "kamila" nake gani, tunda kamili ya daɗe da zama a bakinmu.

Mai Alli:
Amma kamila ba hali take nunawa ba?

Malamar Hisabi:
Tana nunawa, sai dai ba ta ci karo da wata kalmar lissafi ba, kuma wannan ya fi muhimmanci. Saura sunan wadda ba mai raba ta sai 1 da ita kanta, don ba a gina kamila sai da ita. Ina ba da shawarar "gagara-rabo". Tsarin Yuklid, masanin lissafi na zamanin da, ke nan: 33,550,336 ita ce 4,096 (wato 2 sau 2 sau 2, har guda 12) sau 8,191. Ta biyun ninkin ta farkon ce a cire 1, kuma dole ta zama gagara-rabo. Gwada 8,191 bai da wuya: a raba ta da gagara-rabo 24 ɗin da ke tsakanin 2 da 89, kowacce sai ta bar saura.

Ɗan Ƙidaya:
A nan ake faɗawa rami. Wani zai ɗauki 1,024 sau 2,047 yana zaton kamila ce. Amma 2,047 ita ce 23 sau 89, don haka 2,096,128 mai rara ce, masu raba ta sun tara 2,325,392. Kuma a kiyaye, 1 ba gagara-rabo ba ce, dole masu rabawa su zama biyu daidai, wato 1 da lambar kanta.

Mai Alli:
Na karɓa. Zan rubuta 33,550,336 a matsayin cika, mai rabuwa (wato ba gagara-rabo ba), kamila. Allah ya ƙara ilimi.