Tsohuwar motata ta koma shan mai, ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wajen masana mota. Motata ƙirar 2004 ce, ta fetur, mai injekta, injinta lita 1.8, giya otomatik, ta ci kilomita kusan 240,000. A da lita ɗaya tana kai ni kilomita 12, yanzu da ƙyar take yin 8. An sauya fulogi da filtar iska, ban ga canji ba. Allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya ko an yi doguwar tafiya, bakin salansa kuma ya yi baƙi ƙirin. Tun bara aka cire mata tamostat saboda tana zafi, aka haɗa fanka kai tsaye. Me zan duba, kuma wanne zan fara?

Makanike:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ka faɗi ciwon da bakinka. Mayar da tamostat ɗin nan kafin ka ƙara kashe ko sisi a wani wuri.

An ƙera injin ya yi aiki a zafi kusan digiri 90. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa, kada ya zagaya lagireto sai inji ya ɗumama, yawanci yana buɗewa tsakanin digiri 82 da 88. Da an cire shi, aka kuma bar fanka tana hurawa ba tsayawa, inji ba zai taɓa kai zafinsa ba. Sensar zafi sai ta yi ta shaida wa kwamfutar mota cewa har yanzu da sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara fetur kamar yanzu aka tayar da motar da asuba. Baƙin da ka gani a salansa fetur ne da bai ƙone ba. Ɓarnar ba ta tsaya a aljihu ba: rarar fetur ɗin yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka shi, ringi su ci da wuri. Zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina. In ka ji warin fetur, ka juye shi rana ɗaya da sa tamostat.

Mai gyaran wutar mota:
Gaskiyar oga. Zan ƙara da cewa a jona mata na'urar bincike, a daina sauya kaya bisa zato. Yawancin motocin 2004 suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona na'urar, a ƙasan sitiyari. Ko fitilar inji ba ta kama ba, akwai abin karantawa.

Da safe kafin a tayar, zafin ruwan da na'ura ta nuna ya zo kusa da zafin iskar waje. In ya sha bamban sosai, sensar zafi ce ke ƙarya. Da mitar auna wuta ma ana gane ta: a yawancin motoci tana ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauka kusan 300 a digiri 80.

Sai sensar oksijin ta gaba, wadda ke kan salansa kafin katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi. In irin ta da ce, idan inji ya yi zafi wutarta tana kai da kawowa da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In ta yi nauyi ko ta tsaya wuri ɗaya, ta gaji. A kilomita 240,000, in ta asali ce har yanzu, ta yi iya nata, balle ta shekara tana shan baƙin hayaƙi. A duba lambar da ke nuna yawan gyaran da kwamfuta ke yi wa mai: in ta wuce kashi 10 sama ko ƙasa, akwai matsala. P0172 na nufin mai ya yi yawa, P0171 iska ta yi yawa, P0128 kuwa inji ba ya kai zafinsa. Sensar iska da ke bayan filta a fesa mata ruwan wankinta na musamman, a bar ta ta bushe. Kada a taɓa siririyar wayar da ke ciki, kada a wanke ta da fetur.

Direba:
Kafin a yi gyaran, Malam, ka auna shan man da kyau, don allurar tanki ba abin dogaro ba ce. Cika tanki har famfo ya katse, mayar da mitar tafiya sifili, yi tafiyarka ta kullum kilomita 300 ko fi, ka sake cikawa. Raba kilomita da litar da ta shiga. Misali 320 a raba da lita 40, takwas ke nan. Bayan gyara ka maimaita, sai ka san abin da ya yi aiki.

Ka kuma duba ƙafafunta. Iskar taya tana rubuce a takardar da ke jikin ƙofar direba, galibi PSI 30 zuwa 35, kuma da sanyin taya ake aunawa. Birki mai riƙewa ya fi taya cin mai a ɓoye: bayan tafiyar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, kai hannu kusa da kowane rim, kada ka dafa. Wanda ya fi saura zafi, a ɗaga shi da jak a juya, a wanke fil-fil ɗin kalifa, wato abin da ke matse birki, a shafa musu giris. Tunda otomatik ce, tabbatar fitilar O/D OFF ba a kunne take ba, don tana hana ta shiga giyar ƙarshe. Gudun 80 zuwa 90 ya fi 120 sauƙin mai nesa ba kusa ba, kariyar saman mota kuma a sauke ta in ba kaya.

Wani ɗan zaure:
Ni dai na ji ana cewa tsohuwar mota baƙin mai mai kauri take so, kuma in an fasa katalis tana rage sha.

Makanike:
A'a ɗan uwa. Injin da littafinsa ya ce 5W-30, in ka ɗura masa 20W-50 ƙara masa nauyi ka yi, sai dai in yana ƙona baƙin mai har makanike ya auna ya ga dalili. Katalis mai lafiya ba ya shan mai. Wanda ya toshe ana gane shi da mutuwar ƙarfi a hawa, shi kuma sauyawa ake yi. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, asarar kuɗi ce kawai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Tsorona ɗaya: in na mayar da tamostat, ba za ta koma zafin da ta yi a da ba?

Makanike:
Za ta koma in ba a gyara abin da ya jawo zafin ba, don ɓoye shi aka yi. A wanke lagireto ciki da waje, a sauya murfinsa da mai lamba daidai da na asali, yawanci bar 0.9 ko 1.1 na matsin ruwa. A duba famfon ruwa ko yana yoyo ko fikafikansa sun cinye. A mayar da fanka kan rilenta, ta riƙa kamawa da kanta in zafi ya kai. In ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, a gwada gasket ɗin kan inji tukuna.

Wajen sawa, gefen sifirin ne ke kallon inji, ɗan ramin fitar iska kuma yana sama. A zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, ba ruwan famfo zalla ba. A tayar da inji da murfin lagireto a buɗe tun yana sanyi, hita a kan zafi, har kumfar iska ta gama fita, sannan a rufe. Taɓa babban tiyon sama: ya kamata ya jima bai yi zafi ba, sai can ya ɗauka lokaci ɗaya. Alamar tamostat ya buɗe ke nan. Allura ta hau tsakiya cikin minti goma na tafiya ta tsaya a nan. In ta wuce, tsaya ka kashe, kuma kada ka buɗe murfin sai inji ya huce.