Jiran gida da kula da dabbobi a ƙasar waje: ina bambancin da namu na nan?

Hajiyar Mamobi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yaranmu na unguwannin Nima da Mamobi a nan Ankara, babban birnin Gana, sun ɗauko maganar cewa a Turai akan ba mutum gida ya zauna kyauta, shi kuma ya kula da kare ko kyanwar masu gidan har su dawo daga tafiya. Wanda ya san abin ya fayyace mana. Tsarin ɗaya ne a ko'ina? Mai fasfo ɗin Gana zai iya? Me ya raba shi da jiran gida irin namu?

Malam na Sabon Zango:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin gaskiya ne, amma a fara da biza, don nan ake karyewa. Akwai shafuka irin TrustedHousesitters na Ingila: kana biyan kuɗin rajista na shekara, mai gida ba ya biyanka ko sisi, masaukin shi ne ladanka. To wannan masaukin ne jami'in shige da fice zai iya lissafawa a matsayin lada, ya ce aiki ka zo yi. A Amurka an sha mayar da mutane daga filin jirgi a kan haka. Bizar ziyara ta Ingila wata 6 ce, kuma ta hana aiki, na kuɗi da na kyauta, sai 'yan abubuwan da aka lissafa. Ƙasashen Shengen irin Faransa da Jamus kwana 90 ne cikin 180, da inshorar lafiya ta yuro 30,000, kowace ƙasa kuma da dokar aikinta. Shafin ba ya ba da biza, wasiƙar mai gida ma ba ta tilasta wa jami'i komai. Saboda haka abin ya fi dacewa da 'ya'yanmu da suka riga suka samu takardar zama a can. Duk wanda ya ce a Ankara zai karɓi kuɗi ya haɗa ka da "bizar jiran gida", ku guje shi.

Baban Zainab, Madina:
Hajiya, ga wanda takardunsa suka cika, aikin ma ya bambanta. Mu nan Gana kare na gadi ne, yana tsakar gida. A Ingila ɗan gida ne, wani har gado yake hawa. Za ka fita da shi sau 2 a rana ko ana ruwa, da leda a aljihu, ya yi kashi ka sunkuya ka kwashe, in ka bari akwai tara. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ko yake da damuwa kan tsarkin tufafin sallarsa, ya nemi gidan kyanwa tun farko, kada ya karɓi amana ya riƙa ɗaure dabba a waje.

Abinci kuwa a kiyaye sosai. Kada a zuba musu ragowar miya: albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da na kyanwa. Cakulan da inabi guba ne ga kare. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Kafin mai gida ya tafi ya rubuta maka awon abinci, sunan likitan dabbobi, da wanda zai biya in an kai asibiti, domin kuɗin can ba wasa ba ne. Ya ba ka kuma lambar na'urar shaida da ke ƙarƙashin fatar dabbar. A Ingila dole ce ga karnuka tun 2016, ga kyanwoyi tun Yunin 2024, da ita ake gano wadda ta ɓata.

Gidan kansa, lokacin sanyi kada ka kashe na'urar ɗumama ɗaki gaba ɗaya don tsimi. Ruwa ya daskare a bututu sai ya fasa shi, in ya narke ya zubo ta silin. Ranar farko ka ce a nuna maka makullin babban famfo, yawanci yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin. Da ma dalilin da suke neman mai jira ke nan: inshorar gida da yawa tana raguwa in gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa. A Ostareliya kuma Disamba zafi ne, gidaje da nisa sai da mota, tuƙi ta hagu, ga kaska mai shanye jikin kare a gaɓar gabas, sai an laluba jikinsa kullum.

Yaya Mai Tumaki:
Namu na nan juyin wancan ne, Hajiya. Mu muke biyan mai jira, kuma ba a neman takardar 'yan sanda, asalinsa ake tambaya: ɗan wa ne, wa ya tsaya masa. Amma zumunci ba ya hana rubutu. A rubuta ranar shiga da ta fita, a rubuta cewa jira ne ba haya ba, mutum biyu su shaida, ko a gaban mai unguwa. In ba haka ba ka dawo ka tarar ya kawo iyali, fitar da shi ya zama shari'a.

A zuba wa mitar wutar lantarki ta ECG kuɗin da zai kai, ko a riƙa turawa ta MoMo, wato ta waya, don in ta ƙare firiza ta narke. A duba abin da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, ruwan famfo yakan zo da tsakar dare ya yi ta ambaliya. Tafiyar da ta faɗa Mayu da Yuni, lokacin damina, a yashe kwata kafin a tashi, a ɗora kaya a sama.

Tumaki kuma a auna dusa da gwangwani a gaban mai jiran. Ya ga tunkiya tana kuka ya ƙara mata masara don tausayi, cikinta ya kumbura, kafin safiya an rasa ta. Ɓawon rogo sai an shanya ya bushe sarai, ɗanye yana da guba.

Hajiyar Mamobi:
Allah ya saka da alheri. Baban Zainab, wanda ke karatu a Ingila kuma bai taɓa yi ba, ta ina zai fara tunda ba shi da shaidar kowa?

Baban Zainab, Madina:
Ya fara duba sharuɗɗan bizarsa ta karatu. In sun ba shi dama, ya nemi jiran kwana 2 ko 3 a garin da yake, gidan kyanwa ɗaya, ya je su gana ido da ido kafin ranar. Ya haɗa wasiƙar mai gidan hayarsa da ta malaminsa, sannan in ya gama ya roƙi masu kyanwar su rubuta masa shaida a shafin.