Yaushe ake zaɓen fanni a horon ƙwarewar likitoci kan cututtukan cikin jiki (internal medicine)?

Dakta Hauwa: Salamu alaikum. Na ci jarrabawar Primary, wato ta share fagen horon ƙwarewar likitoci, zan fara horon ƙwarewa a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Tun farko ake zaɓen fanni?

Dakta Bello: A'a, ƙanwata. Sai kin yi aƙalla wata 24 kina zagaya sassa, zuciya, ƙoda, jijiyoyi da sauransu, kin ci jarrabawar kashi na ɗaya ta NPMCN (kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta Najeriya) ko WACP (kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma). Sannan ki zaɓa. Amma ki duba ko kwalejin ta amince sashen da kika zaɓa ya ba da horo a asibitin. In babu amincewa, wani asibitin za a tura ki.

Dakta Sani: Bayan zaɓen fanni, kundin binciken da ake rubutawa don jarrabawar ƙarshe ne ke maƙale mutane. Ki miƙa tsarinsa da wuri, kada ki fara tattara bayanai sai kwamitin ɗa'a da kwalejin sun amince.