Me ake nufi da "unscathed"?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya motar da ta ɗauki ayata ta faɗi bayan Jibiya, kan hanyar Katsina. Abokin cinikina na Legas ya turo mini saƙo a WhatsApp da Turanci, wai direba ya fito "unscathed". Ni lakkol ɗin Faransanci na yi, a nan Maradi, ita ma ban wuce aji shida ba. Wayar direban a kashe take, matarsa kuma tun asuba tana zaure tana jirana. Rauni ya ji ko me?

Mushe Anglais: Wa alaikumus salam. Alhaji, kwantar da hankalinka, ka je ka sallami baiwar Allah. Ma'anarta ko ƙwarzane bai yi ba. Ita ce "indemne" ta Faransanci. Wannan "un" na farko korewa yake yi, "scathe" kuwa tsohuwar kalma ce ta cutarwa da Turanci ya aro daga harshen mutanen arewacin Turai. Yau da wuya ka ji ta ita kaɗai, sai a "scathing", wato suka mai zafi.

Hajiya Mai Atamfa: Allah Ya tsare gaba. Mushe, ba daidai take da "survived" ba? Ni haka na ɗauka.

Mushe Anglais: A'a Hajiya, da tazara. "Survived" ya tsira da ransa ne kawai, ko da ƙafa ta karye gida biyu. Yadda mu ma "ya sha da ƙyar" daban, "ko ƙwarzane" daban. Kuma ba a faɗarta sai an shiga haɗari na gaske. Wanda ya je kasuwa ya dawo lafiya ba a ce masa haka. Ba jiki kaɗai ba, ɗan siyasar da aka yi wa bincike ya fito da mutuncinsa, ko ɗan kasuwar da faɗuwar naira ba ta taɓa ba, duk ana faɗa musu.

Na Tibiri: Alhaji, sake karanta saƙon. Direba kaɗai aka ambata. Ina yaron mota, ina kaya?

Ɗan Zariya: Na Tibiri, ka yi gaskiya. Yanzu direban ya kira da wayar aro, lafiyarsa lau. Yaron ne ya goce a kafaɗa, an kai shi asibiti a Katsina. Buhu 12 sun fashe, yaran ƙauyen sun sha aya. Matar ta koma gida.