Wa ya taɓa sayen hannun jarin kamfanonin sola? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Ma'aikaci daga Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Na kwashi adashi, kuɗin ba su kai na fili ba, kuma ba na so su narke a cefane. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, layinmu kusan kowane rufi ka ɗaga kai sai ka ga fanel. Shi ne na ce tunda abin nan gaba yake yi, me zai hana in sayi hannun jarin kamfanonin da ke ƙera shi ta manhajar waya? Wanda ya taɓa shiga ya faɗa mana gaskiya, da daɗin da rashinsa.

Malamin makaranta, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ni na shiga, a ƙarshen 2022. Lokacin Amurka ba ta daɗe da yin dokar da ta ware makudan kuɗi don tallafa wa makamashi mai tsafta ba, kowa sai yabon harkar yake. Na sayi na wani kamfani mai yin inbata, farashin yana can sama. Kasuwar New York tana buɗewa tsakanin azahar da la'asar a agogonmu, ta tashi bayan isha'i, to ni da na dawo daga masallaci sai in zauna a tabarma in buɗe waya. Wata da watanni ja nake gani, alamar faɗuwar farashi, kore na tashinsa sai jefi-jefi. Kafin shekara ta zagayo fiye da rabin kuɗin ya tafi a lissafin dala.

Abin dariyar shi ne, a naira asarar ba ta fito sosai ba. Na sayi dala kafin a saki naira a Yunin 2023, daga baya dala ta haura 1,500. Da na sayar na canza, sai na ga kusan abin da na zuba ya dawo. Maiɗakina ta ce to ai ba a yi asara ba. Na ce mata da dalar kawai na riƙe ban sayi komai ba, da yanzu wani zancen ake.

Mai shagon kayan sola, Sabon Gari, Kano:
Malam, abin da ya same ka mu a kanta muka gan shi. Ciniki ya ƙaru, wannan ba musu. Amma fanel kaya ne da kullum araha yake yi a wajen masu ƙera shi. A 2023 kaɗai farashinsa a dala ya faɗi da kusan rabi. Ka yi sari yau, kafin ka sayar da rabin kayan wata kwantenar ta sauka a Legas da fanel mai ƙarfin wat fiye da naka, a kuɗi ƙasa da naka. Maƙwabcina ya cika sito yana jiran kaya su yi tsada, ƙarshe a kan uwar kuɗi ya rabu da su.

Dalili kuwa Sin ce. Sama da kashi 80 cikin 100 na harkar ƙera fanel a duniya a hannunta yake, kuma masana'antunsu sun gina abin da ya fi ƙarfin buƙatar duniya. Kamar Kwanar Gafan ne a kakar tumatir: motoci a cike, mai miya na murna, manomi na zubar da kwando a bakin titi. LONGi, da ke cikin manyan masu ƙera fanel a duniya, asara ya bayyana a 2024, shekarar da duniya ta kafa sola fiye da kowace shekara kafinta. To ɗan'uwa na Kaduna, yawan fanel a rufin layinku ba shi ke nuna mai ƙera shi na samun riba ba.

Ɗan Katsina mazaunin Amurka:
Alhaji ya faɗi ɓangaren Sin, bari in ƙara da na nan, don a kamfanin ɗora wa gidaje sola na yi aiki. A nan mutum ba ya zuwa da kuɗi a hannu kamar Sabon Gari. Bashi ake ci na shekara 20 ko 25. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a tsakiyar 2023, sai abin da mutum zai riƙa biya a wata ya zo daidai da kuɗin wutar da yake gudu, wani lokacin har ya fi. Ana cikin haka jihar Kalifoniya, wadda ita ce babbar kasuwar, ta rage kuɗin da ake biyan mai gida in ya sayar wa kamfanin lantarki rarar wutarsa, daga Afrilun 2023. Wayar ofishinmu da ba ta hutawa sai ta koma sai ka duba ko an cire ta ne. Aka fara sallamar ma'aikata rukuni-rukuni.

A kasuwa kuwa, hannun jarin Enphase, mai yin inbata, da ya haura dala 300 a ƙarshen 2022 ya dawo ƙasa da 100 cikin shekara guda. SolarEdge, shi ma mai yin inbata, ya fi shi shan kashi, daga sama da 300 zuwa ƙasa da 20 a 2024. SunPower, tsohon kamfani mai suna, ya durƙushe a Agustan 2024, Sunnova ya bi shi a 2025. Idan kamfani ya je kotun masu fatara, masu bin sa bashi ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, yawanci ba ya samun ko sisi. Ba sabon abu ba ne ma, Suntech na Sin a 2013 da SunEdison a 2016 duk haka suka yi.

Wanda ya tsaya da ƙafarsa shi ne First Solar. Manyan gonakin sola yake sayar wa fanel, yana da masana'antu a cikin Amurka, harajin da aka ɗora wa kayan Sin yana kare shi, ga tallafin gwamnati. Amma ka lura, wannan kariyar 'yan siyasa ne suka ba shi. A Yulin 2025 sun yi sabuwar doka da ta soke rangwamen harajin da masu gidaje ke samu in sun sa sola. Zaɓe ɗaya yana iya juya lissafin duka.

Ma'aikaciyar banki, Abuja:
Ni ban yarda a tsorata bawan Allah gaba ɗaya ba. Duk wanda ya yi magana a sama a ganiyar tsada ya shiga, ko a lokacin ya gani. Wanda ya sayi asusun TAN, wato kwandon da ya tattara kamfanonin sola da yawa, a farkon 2020, kuɗinsa sun ninka fiye da sau uku kafin shekarar ta ƙare. Ni a cikinsa nake sa kaɗan-kaɗan duk wata, kuma har yau ban mayar da abin da na zuba ba, ban ɓoye ba. Sai dai hasashen bunƙasar harkar bai taɓa ba ni kunya ba. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta shafe shekaru tana hasashe ana wuce shi. Sai a 2022 duniya ta kai terawat 1 na sola, wato megawat miliyan ɗaya, amma zuwa 2024 ta kai 2. Kamfanoni za su mutu, waɗanda suka rage su ci kasuwar. Matsalar dai ba wanda ya san su wane ne, shi ya sa na ƙi zaɓar ɗaya.

Mai shagon kayan sola, Sabon Gari, Kano:
Hajiya, Allah ya sa a dace. Amma shekara nawa mai kuɗin adashi zai iya jira?

Ɗalibi daga Sakkwato:
Don Allah tambaya, ya batun halasci? Na ji an ce kamfanonin nan bashi mai ruwa ya yi musu katutu.

Malamin makaranta, Zariya:
Ka yi tambaya mai kyau. Sana'ar kanta ba matsala, inda ake dubawa shi ne bashin. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, shi ne kada bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, kada kuɗin shiga na haram ya wuce kashi 5. Abin lura, in farashin hannun jari ya faɗi, darajar kamfanin ta ragu, bashin kuma yana nan yadda yake, sai ka ga kamfanin da ya tsallake bara ya faɗi bana. Masu ba gidaje sola bashi su suka fi faɗawa wannan. Ka riƙa dubawa lokaci-lokaci, sannan ka tuntuɓi malaminka.

Mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo, Gombe:
Ni dai ban san hannun jari ba, amma na zuba kuɗi a sola. Gadon da na samu na sayi fanel da batir da firiza. Da Arewa ta shiga duhu a Oktoban 2024, kwana da kwanaki ba wuta, unguwarmu ni kaɗai ke da ƙanƙara. Tun da sassafe yara ke layi da kula a ƙofar gida, har masu kifi da mai kemis da ke ajiye allura sun zo roƙon wuri. Kuɗin da nake kai wa gidan mai don janareta yanzu a asusu suke kwana. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya batir ne. Na farko na ruwa na saya saboda araha, zafin Gombe ya gama da shi da wuri, sai da na sake tara kuɗi na sayi litiyam. Kuma lokacin hunturu kullum sai yarona ya hau rufi da tsumma, in ba haka ba ƙura ta rufe fanel, firiza ta riƙa kuka da la'asar.

Manomin rani, Haɗejiya:
Haka nake da famfon ban-ruwa. Da rana tsaka yana zuba kamar me, da yamma sai ya yi sanyi, dole ka sauya lokacin shayar da gona. Sai kuma ɓarayi. In ka bar fanel ya kwana a fadama, da safe sai dai ka tarar da ƙarfen. A amalanke muke dawo da su gida kullum. Alhaji na Sabon Gari, nawa ake sayar da mai wat 550 yanzu? Ina so in ƙara biyu kafin a dasa albasa.