Abokin Facebook aboki ne? Muhawara a zauren WhatsApp na 'yan unguwar Aboabo a Kumasi, Ghana

Kawu Direba: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka kai yaron nan maƙabartar Tafo, Allah ya jiƙansa. An ce abokansa a Facebook sun cika 5,000, iyakar abin da Facebook ke bari ke nan. Na duba sahun sallar gawa, duk mu ne 'yan unguwa da muke haɗuwa a masallaci kullum. Hotonsa kuwa ya cika wayoyi. Ni dai na ce abokin waya ba aboki ba ne.

Hajiya Mai Waakye: Amin. Amma Kawu, a yi adalci. Da asuba ya rasu, bayan azahar aka binne shi. Wanda ke Nima a Accra ko Tamale da me zai iso? Ni na ga amfanin abin da idona. Bara da Inna take kwance a asibitin Komfo Anokye aka ce sai an ƙara mata jini. Wata mai sayar da atamfa a Accra, shekara uku muna hira ba mu taɓa ganin juna ba, ta turo mini sidi 500 ta MoMo, wato ta waya, ta kuma sa ƙanenta da ke karatu a jami'ar KNUST ta nan Kumasi ya zo ya ba da jini. Wasu da muka fito ciki ɗaya ko waya ba su ɗaga ba. Ka ce in kira ta me?

Kawu Direba: Wannan 'yar halak ce, Hajiya. Amma ɗaya ce cikin nawa?

Malam: Ku duba maganar Sayyidina Umar. Wani ya ce ya san wani, sai ya tambaye shi: kun yi maƙwabtaka? Kun yi tafiya tare? Kuɗi ya taɓa shiga tsakaninku? Da ya ce a'a, sai ya ce masa to ba ka san shi ba. Kakanninmu fatake da suke zuwa Salaga sayen goro sukan damƙa wa mai masauki dukiyarsu a zango, alhali ba danginsu ba ne, domin an gwada shi shekara da shekaru. Ƙawar Hajiya an gwada ta, ta ci. Sauran kuwa sanin suna ne kawai.

Auta: Malam, wani ma sunan ba nasa ba ne. Mun san 'yan sakawa, namiji da gemunsa ya sa hoton mace yana yaudarar mutane. Amma kada a haɗa mu duka. Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya ce mutum ba ya iya riƙe zumunci na gaske da fiye da mutum 150 ko kusa da haka. To ko a kasuwar Kejetia, duk wanda kuke gaisawa ne abokinka?

Kawu Direba: Na Kejetia in bai gan ni kwana uku ba zai tambaya.

Hajiya Mai Waakye: Ita ma tana tambaya, wallahi. In ta ji ni shiru kwana biyu sai ta kira.

Auta: Kawu, tun daren jiya mutum huɗu daga shafin marigayin suka nemi lambar MoMo ta mahaifiyarsa. In ba su?

Kawu Direba: Tambayi yayansa tukuna, kada wani ya yi amfani da ita ya cuci mutane. In ya yarda ka ba su, ka kuma gaya musu addu'ar uku gobe ce da safe a ƙofar gidan. Duk wanda ya sauka a tasha ya kira ni, zan ɗauko shi.