Me ya sa ja da kore suke ba da rawaya a waya, amma ba a fenti ba?

Ɗalibi:
Assalamu alaikum malamai. An ce fuskar waya launi uku kawai take fitarwa: ja, kore da shuɗi, kuma ja da kore ne ke ba da rawaya. To me ya sa in an cakuɗa jan fenti da kore sai a samu ruwan ƙasa mai duhu?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Haske ƙaruwa yake yi, fenti kuwa ragewa. Haske kamar igiyar ruwa yake tafiya, tsawon zangon igiyar ne ke bambanta launi. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa daga kusan nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) 380 ne zuwa 700, shuɗi wajen 450, kore wajen 530, ja sama da 620. A bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. Hasken rawaya, wajen 580, yana motsa iri biyu lokaci guda, na ɓangaren ja da na kore. In ja da kore suka shigo tare su ma waɗannan biyun suke motsawa, sai ƙwaƙwalwa ta ce rawaya. Shi fenti ba ya fitar da haske, shanyewa yake. Ja ya shanye kore da shuɗi, kore ya shanye ja, abin da ya dawo ido ɗan kaɗan ne.

Mai Gwaji:
Ɗan'uwa, gwada da hannunka. Samo tocila uku iri ɗaya, ka rufe bakin kowacce da leda mai launi, ɗaya ja, ɗaya koriya, ɗaya shuɗiya, ka ɗaure da roba. Kashe fitilar ɗaki, ka haska farar takarda daga nisan mita ɗaya. Inda ukun suka haɗu zai yi fari-fari. Tsayar da fensir gaban takardar, inuwa uku za ka gani, ɗaya rawaya ce, don a nan ne fensirin ya tare shuɗi.

In launin ya fito a koɗe, ledar ta yi siriri, farin haske na ratsawa. Ninka ta biyu. In wurin haɗuwar ya yi ja-ja, matsar da jar tocilar baya kaɗan. Bangon da aka yi wa fenti mai launi yana ɓata gwajin gaba ɗaya.

Mai Ɗab'i:
Tawada ma kamar fenti shanye haske take yi, shi ya sa firinta ba ta aiki da ja, kore da shuɗi. Tawadarta rawaya ce, da shuɗi mai ratsin kore, da ja mai ratsin shunayya, kowacce launi ɗaya take shanyewa cikin ukun. Haɗuwarsu ba ta ba da baƙi wuluk, kuma takarda jiƙewa take yi, don haka ake sa baƙar tawada ta huɗu.